Yadda Mas'udu Ya Kai Ɗiyar Farinsa Gida a Keken Jarirai

Saura kwana tara Babbar Sallah, shekara ta biyu da ba Zamfara jiha, mutanen wani layi a unguwar Damba, cikin Gusau, suka ga abin da har yau in hira ta yi daɗi sai an tono shi. Da hantsi ne, rana ta fara cizo, sai ga Mas'udu mai gyaran keke ya fito daga zaure yana tura keken jarirai, irin wanda ake gani a hoton kalanda. A ciki an naɗe wani abu da zanen atamfa, an ɗaure shi tam. Gogan naka yana tafe a hankali, fuska a murtuke, kai ka ce gaisuwar mutuwa za shi.

Layin nan yana da gangara, ruwan damina ya zaizaye ta, ba ta tsaya ko'ina ba sai kwata. Daidai kan gangarar silifas ɗin Mas'udu ya tsinke. Ya sunkuya zai gyara, ya saki hannu, keke kuwa ya ga hanya ya kama gabansa. Goggo Tambaya mai ƙosai tana zaune a ƙofar gidanta, ta ɗaga kai ta hango jariri na zuwa a guje ba uwa ba uba, ta yar da ludayi ta ɗora hannu a ka tana salati. Mas'udu ya rufa wa keken baya da takalmi wari ɗaya. Keke ya daki dutse ya kife, shi kuma ya kasa tsayawa ya zarce, sai ji aka yi tsundum, ya shige kwata har gwiwa. Jaririn ya fice daga zani ya mirgino, ya mirgino, ya tsaya a gaban kaskon ƙosai. Ashe ƙaramin turmin dakan yaji ne na matarsa Luba.

Goggo Tambaya ta dubi turmin, ta dubi mutumin da ke fitowa daga kwata, ta ce, "Ashe an yi suna ba a gaya mana ba, Mas'udu? Tubarkalla, kamarku ɗaya."

Ya saɓa turmi a kafaɗa, ya ja keke da hannu ɗaya, ya shige gida ana dariya har da masu riƙe ciki. Luba tana tsakar gida da taɓarya a hannu, tun ɗazu take neman turminta. Sabulu ta miƙa masa, ta ce turmin za a fara wankewa, ƙafa ta jira.

Wanda bai san Mas'udu ba zai ce ya taɓu. Ba taɓuwa ba ce, hali ne. An haife shi a wani ɗan ƙauye bayan Kucheri, cikin ƙasar Tsafe, gidan manoman gero da dawa. Bai yi nisa a makaranta ba, amma tun yana yaro in ya ga abu mai taya sai ya kwance shi ya ga cikinsa. Keken ubansa ya sha kwancewa, shi kuma ya sha tsumagiya, har tsohon ya gaji ya haɗa shi da wani mai gyara a Gusau. A nan ya girma, a nan ya kafa rumfarsa gindin darbejiya, daga nan ya je Bungudu ya auro Luba. Da aka mai da Gusau babban birnin jiha, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da motoci da babura, abokan sana'arsa da yawa suka koma gyaran babur. Aka ce masa keke ya mutu. Ya ce ranar da talaka ya ƙare a Zamfara a zo a faɗa masa, zai rufe rumfa.

Abin da ya fi shahara da shi gwaji. Ko fanca ya liƙe maka, ba za ka karɓi kekenka ba sai ya hau ya zagaya darbejiya sau biyu, kana tsaye kana sauri ko ba ka sauri. In mai keken ƙato ne, shi kuwa Mas'udu siriri ne kamar karan dawa, sai ya ɗora bulo a bayan keken don ya cike nauyin. Akwai wani mahauci da ya tarar an ɗora bulo uku, ya yi fushi wata guda, daga baya ya dawo don birkinsa bai ƙara ba shi kunya ba. To, turmin nan ma bulo ne. Nauyinsa ɗaya da na ɗiyarsa Nana Aisha. Ya tabbatar da haka, don ya ɗaga wannan ya ɗaga waccan ranar da ya ga ba kowa a tsakar gida.

Nana shekararta huɗu a lokacin. Tana da shekara biyu wani zazzaɓi ya kwantar da ita, da ya tashi tafiya ya bar mata ƙafar hagu siririya. Shan inna, in ji masu magani. Tana tafiya, tana jan ƙafar, daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa wurin ƙosai. In tafiya ta wuce haka sai ta zauna. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba, cewa take tana kallon tururuwa. Baki kuwa, Allah ya ba ta na mutum uku.

Ita ce ɗiyar fari, kuma a nan wahalar take. A wajen su Mas'udu, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in a gaban iyayensa ne ma sai ya yi kamar bai san inda aka samo yaron ba. Shi kansa ɗan fari ne. Ubansa Malam Dalhatu bai taɓa buɗe baki ya ce Mas'udu ba. In yana son ya ba shi saƙo, sai ya dubi wanda ke kusa ya ce a gaya wa wancan kaza. Haka Mas'udu ya tashi, haka yake yi. Nana a bakinsa "waccan" ce, in ta yi abin kirki ta zama "ɗiyar mutane". Sai dai katangar gidan haya ba ta riƙe sirri. Kowa a layin ya san wanda ke lanƙwasa wayar taya yana yin 'yan motoci, ya ajiye kan taga ya ce tsinta ya yi a hanya. Hanyar rumfarsa dai ta fi kowace hanya a Gusau zubar da motocin waya.

Duk Sallah gidan nan ba ya zama a gari. Su hau mota zuwa Kucheri, su sauka a bakin titi, su taka kamar tafiyar awa guda zuwa ƙauye, da rafi mai yashi a tsakani. Kwana uku su dawo, su wuce Bungudu gaida iyayen Luba. Da can Luba ke goya Nana. Amma a Ƙaramar Sallar bana ciki ya fito, goyo ya gagara, sai aka yi dabara: aka fara kai yarinyar Bungudu wajen kakarta, aka ba ta tuwo da man shanu, tana cikin ci iyayen suka sulale. Da suka dawo ɗaukarta ba ta yi kuka ba, abin da ya fi tayar wa Luba da hankali ke nan. Sai da suka iso gida, Luba na cire mata ɗankwali, ta tambaya ko don ƙafarta ne aka bar ta. Mas'udu yana bakin ƙofa yana alwala, ya ji. Ruwan butar ya ƙare yana wanke hannu ɗaya.

Tun daga ranar, in Nana ta ga an sauko da jakar tafiya, ko wanki za a zuba, sai ta je ta zauna a kai.

Yanzu ga Babbar Sallah ta ƙarato, cikin Luba wata bakwai. Inna Ladidi, uwar Mas'udu, ta aiko ta bakin wani mai sayar da hatsi cewa a sake barin yarinyar a Bungudu, ba sai an wahalar da ita ba. Magana ce ta tausayi, amma a ƙarƙashinta akwai wadda ba a faɗa ba: idon ƙauye da bakin ƙauye, yarinya ta yi wayo, ga sa'o'inta na tsalle-tsalle. Wani zai ce mai gyaran keke ne fa, ya ɗora ta a keke mana. Ya ɗora ta a gabansa ya shiga ƙauye yana fito? Ko ya aika a turo jakin gida bakin titi? To ya ce wa ubansa jakin na wa ne? Mutumin da ba ya iya kiran sunan ɗiya, ta ina zai roƙa mata jaki?

Keken jariran na Malama Monica ne, mai koyarwa a firamare, wadda suka taso daga Sakkwato da mijinta Ezekiel lokacin rabon ma'aikata, suka kama gidan da ke jikin nasu Mas'udu. A gwanjo ta saye shi tun ɗansu yana jinjiri. Yaro ya girma, keke ya koma ma'ajiyar albasa. Mas'udu ya gan shi ranar da ya mai da wa Ezekiel kekensa. Kwana uku yana wucewa ta ƙofar gidan yana gaisuwar da ba a saba ji daga bakinsa ba, a na huɗu ya ce yana son aron abin can ne ya yi nazarin tayoyinsa. Monica ta juye albasa a kwando, ta wanke keken tas, ta miƙa wa Luba ta kan katanga, ta ce a gaya wa maigida ya yi nazari a tsanake, ba ta buƙatarsa har abada.

Faɗawa kwata ba ta sa ya saduda ba. Cewa ya yi gwaji ya yi kyau, ya nuna abin ba shi da birki. Ya kai shi rumfa ya rufe da buhu. In ba kowa sai ya yaye buhun. Ya cire ƙananan tayoyin roba, waɗanda ya ce ko kashin akuya suka taka sai sun tsaya, ya saka na ƙaramin keken yara. Ya ja waya ya haɗa birki a mariƙi. Ya samo tsohuwar lema ya yi masa rumfa. Ya ƙara katako wajen aje ƙafa, ɓangaren hagu ya ɗan fi tudu, ya naɗe shi da tsumma. Da ya gama, keken ya yi ƙarfi kamar amalanke, sai dai ya daina naɗewa. Da, ana ninke shi a saƙale a hammata. Yanzu sai dai a ba shi wurinsa kamar fasinja.

Mazauna bencin rumfar, waɗanda ba su da keke amma ba sa fashin zuwa, suka rabu biyu. Wasu suka ce wannan na jinjiri ne, yarinyar da ta kusa shiga makarantar allo a sa ta a ciki ai sangarta ce, in ba ta taka ƙafar ba yaushe za ta yi ƙwari. Wasu suka ce ba ruwansu da yarinya, su dai suna so a faɗa musu ranar tafiya su riga shi zuwa Tsafe su kama wurin kallo. Mas'udu yana ɗaure noti, bai ɗaga kai ba.

A gida ma ba a daidaita ba. Luba ba ƙin zuwa da ɗiyarta take ba, ita ce ma ta fi kowa ƙin jin sunan Bungudu a zancen. Amma mace ce mai lissafin hanya. Ta ce ga jaka, ga ƙullin shinkafa da man gyaɗa na tsaraba, ga wahalar fetur mota ta zama sai wane da wane, sannan a ƙara da abin da ba ya naɗewa? In direba ya ƙi fa? In ya karye a daji fa, wa zai ɗauki keke, wa zai ɗauki yarinya? Ta kuma tambayi wanda zai tura. Nan Mas'udu ya yi saurin cewa ita mana, shi zai yi gaba da kaya a ka, kamar taku talatin, yadda duk wanda ya gan su zai ɗauka hanya ce ta haɗa su. Luba ta dubi cikinta, ta dube shi. Yau a ce za a tafi da keke, gobe a ce a bari sai baɗi. Har ranar Talata ba wanda ya san inda aka tsaya, shi kansa bai sani ba.

Ran Laraba da yamma ya dawo daga rumfa ya tarar an jawo keken tsakiyar gida. Nana ta goge shi da tsumma har tayoyi, ta ɗauko takalmanta na Sallah ta jera su a kan kujerar, ta koma gefe ta zauna kan jaka. Ta dai ga alamar in ita ba ta samu tafiya ba, takalman ko sa samu. Mas'udu ya daɗe a tsaye. Sannan ya dubi bango ya ce, "A gaya wa waccan ta kwashe takalmanta. Nan wurin zaman mutum ne."

Luba ta juya baya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi.

Jajibirin Sallah suka fita tun da safe. Tasha ta cika ta batse, mota ɗaya mutum hamsin. Da suka samu wuri, direba ya ga keken ya ce shi mutane yake ɗauka da kayan mutane, ba ya ɗaukar abin da bai san sunansa ba. Mas'udu bai yi musu ba. Ya matsa birkin a gabansa, ya saki, ya sake matsawa. Direba ya karɓa ya matsa shi ma, ya tura gaba ya ja baya, ya ce wallahi ya fi na motarsa kamawa. Fasinjoji ba su ji daɗin wannan yabo ba, amma keke ya hau sama. Mas'udu da kansa ya ɗaure shi tsakanin katifa da wani rago. Da aka tsaya a Tsafe ya fita duba igiya, ya tarar ragon ya cinye gefe guda na lemar. Ya dubi ragon, ya tuna gobe Sallah, ya yafe masa.

Sun sauka Kucheri bayan azahar, zafin bazara na dukan ƙasa har iska na rawa. Aka zaunar da Nana, ta aza ƙafar hagu kan tudun tsummanta, ta gyara ɗankwali. Mas'udu ya ɗora jaka da ƙulli a ka, ya ƙirga takunsa talatin, aka kama hanya. Farkon hanyar jar ƙasa ce mai tauri, keke na tafiya sumul. Nana ta zama sarauniya. Duk wanda suka gamu da shi, mai jaki ko mai itace, sai ta yi masa sannu ta tambaye shi ina za shi. Wata tsohuwa ta tsaya ta bi su da kallo har ta manta da akuyarta. Mas'udu na gaba, wuya a sandare, yana jin komai da ƙeyarsa.

A rafi aka gane cewa gwajin Damba bai kai nan ba. Ruwa ya ƙafe tun tuni, sai yashi fari mai faɗi, mai zafi kamar an soya. Tayoyi suka shiga suka zauna. Luba ta tura da hannu, ta tura da ƙugu, ta ci taku biyar, ta tsaya tana haki. Ta sake gwadawa. Daga nan ta lallaɓa ta zauna kan wata saiwa, ta dafe mara, ƙafafunta sun kumbura har igiyar silifas ta nutse. Ba ta kira shi ba. Ita ma ɗiyar mutane ce, ta san ƙa'ida.

Nana ce ta ce a sauke ta, ai ta iya. Kafin uwar ta hana, ta zamo ƙasa. Ta taka yashin nan, ta ja ƙafa, ta taka, ta ja. Taku goma ta yi. Sannan ta durƙusa ta zauna daɓas a tsakiyar rafi, ta sunkuyar da kai, ta ce tana kallon tururuwa. Ko tururuwa ɗaya babu a yashin nan, su ma sun fi ƙarfin wannan zafi.

Mas'udu yana tsallaken rafi da kaya a ka. Ya duba gabas, ya duba yamma, hali dai ba ya barin mutum. Can ga wasu mata biyu da tulu, ga wani mai keke yana tahowa. Ya sauke kayan. Ya dawo cikin yashin, ya sunkuya ya ɗauki ɗiyarsa a sarari, rana tsaka, ya kakkaɓe mata tafin ƙafa da hannun rigarsa, ya mai da ta kujera. Ya juya keken ya ja shi da baya, don ya san taya ta fi bin mai ja a cikin yashi. Da suka haye ya rataya ƙulli a mariƙi, ya mai da jaka ka, ya koma ya kamo hannun Luba. Ya ce mata kada ta ɗauka wani abu ne, zuwa tsamiyar bakin gari kawai zai tura, daga nan ta karɓi abinta.

Nana ta ɗaga kai ta ɓangaren da rago ya cinye lema, tana kallonsa daga ƙasa. Ta ce Baba ya fi Innarta iya tuƙi. Ya ce a gaya wa waccan ta yi shiru. Ta ce ai ta ji, ba sai an gaya mata ba.

Da suka kai tsamiya ya tsaya ya jira. Luba ta iso tana ɗingishi, ta miƙo hannu za ta karɓa, kamar yadda aka yi alkawari. Daga nan ana hango ƙofar gidan Malam Dalhatu, kuma ba a ɓoye take ba. An idar da la'asar, dattawa sun baje kan tabarmi a gindin bango, ana wasa wuƙaƙen layya. Mas'udu ya dubi hannun da aka miƙo masa. Ya dubi ƙafafun. Tsakanin tsamiya da ƙofar gida akwai ɗan hawa, ba mai yawa ba, amma hawa ne. Ya ce mata ta biyo a hankali. Ya gyara jaka a kansa, ya kama mariƙi da hannu biyu.

Ba doguwar tafiya ba ce, amma ya ce daga baya ta fi masa Gusau zuwa Kucheri nisa. Ƙarar wuƙa kan dutse ta ragu, ta ragu, ta tsaya. Hira ta mutu. Mata suka leƙo ta kan danga. Ba abin da ake ji sai ƙiiƙii na taya ɗaya da yashi ya shiga. Ya kawo keken har bakin tabarma, ya matsa birki, ya sauke jaka, ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida ubansa. Hannunsa na hagu bai saki keken ba, don wurin da ɗan gangara. Malam Dalhatu ya amsa yana duban bakin wuƙarsa, kamar yadda ya saba amsawa shekara talatin da 'yan kai.

Nana ce ta fasa shirun. Ta gaida tsohon da muryarta duka, ta tambaye shi ko wuƙar ta yanka rago ce, ta ba shi labarin wani rago marar kunya da ya ci mata lema. Tsakanin kaka da jika kuwa ba kunya, sai wasa. Malam Dalhatu ya ajiye wuƙa ya ce, "Wace amarya ce wagga, ta zo gidan miji da mota ba ko goro?" Ta ce ita ba ta auren mai furfura. Dattawa suka kwashe da dariya, wurin ya saki. Tsohon ya miƙa hannu ya ɗauko ta ya aza kan cinyarsa. Ya kama siririyar ƙafar a gaban kowa, ya duba ta sama da ƙasa ba tare da ya ɓoye duban ba, ya tofa addu'a ya shafa, ya ce ai wannan ƙafar masu hawa ce, ba ta masu takawa ba.

Inna Ladidi, wadda ta aiko a bar yarinya a Bungudu, ta fito zaure ta tsaya. Ta ga jika a cinyar mijinta, ta ga ɗanta durƙushe riƙe da keken jarirai, ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Kan Luba ta sauke faɗan, wai wace irin mace ce za ta tako rana da ƙafa kamar turmin sakwara, ta ja ta ciki tana kiran a kawo ruwa da fura. Tana shiga ta leƙo ta ce a miƙo mata yarinyar in an gama da ita, tun safe ta ajiye mata ƙwai biyu. Tun safe, in ji wadda ta ce kada a zo da ita.

Malam Dalhatu ya jawo keken da yatsa. Ya latsa taya, ya taɓa tudun tsumma na wajen ƙafar hagu, ya daɗe a nan. Ya matsa birki ya saki. Sannan ya juya ga dattijon da ke gefensa, ba ga wanda ke durƙushe a gabansa ba, ya ce, "Wanda duk ya yi aikin ga ya san hannunshi." Mas'udu ya ƙura wa tabarma ido. Tun da aka haife shi bai taɓa samun yabo mai yawan wannan daga bakin nan ba, ko da ta hannun maƙwabci ya biyo.

Da a nan aka tashi da an tashi lafiya. Amma akwai Rabi'u, taubashinsa, ɗan ƙanen Inna Ladidi, wanda tun suna yara ba ya ganin Mas'udu ya bar shi ya sha ruwa. Yana jingine da bango yana gwada kaifin wuƙa a gashin hannunsa, tun ɗazu yake jiran a gama abin kirki ya samu wuri. Ya gyara murya yadda har matan bayan danga za su ji.

"Ɗan birni, sannu da raino. Ɗiyar fari, gaban tsohonka, hannu biyu. Kunyar da anka ba ka a gidan ga, a Gusau ka baro ta ko a mota ta faɗi?"

Mas'udu ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya saka takalminsa ɗaya bayan ɗaya.

"Tare munka taho da kunyar, Rabi'u, tana nan lafiya lau. A rafi na ce ta goya yarinyar, ta ce ba ta da baya."